Ranar Da Na'ura Ta Ce Ba Ta San Kawu Ba

Akwai ranar da mutum ke mantawa da ita tun kafin ya kwanta barci, akwai kuma wadda ke bin sa har tsufa. Tawa ta same ni a Dudunni, cikin damina, a filin makarantar firamare, kuma na tabbata ko da shekaru za su kwashe min komai daga kai, wannan ranar ba za ta tafi ba. Na daɗe ban ba kowa labarinta a cike ba, domin ba labari ne da na fito cikinsa da kyan gani ba.

A lokacin ni malamin gona ne, ina zaune a Kankia, aiki kuma yana kai ni ƙauyukan yankinmu har ɓangaren Kusada. Duk wanda ya taɓa tsayawa a wurin rabon taki ya san abin da idona ya sha gani. Mutum ɗaya sai ya karɓa da safe da hula, ya dawo da hantsi da rawani, da suna daban. Na ga an kira sunan wanda ni da kaina na halarci jana'izarsa, wani ya amsa ya ɗauki buhu. Manomin gaskiya kuwa yana can ƙarshen layi, kafin a zo kansa an ce ya ƙare. Wannan abu ya daɗe yana ci min rai, har na zama mai saurin fushi a kansa. Ina faɗin haka ne don a san ba kwaɗayi kaɗai ya ja ni ga abin da ya biyo baya ba, ko da yake shi ma kwaɗayin yana ciki, ba zan wanke kaina ba.

Muna da wata 'yar ƙungiya a Kankia, mu goma sha ɗaya. Da kaka mu haɗa abin da ya sawwaƙa mu sayi gero da dawa da wake mu ajiye, idan bazara ta yi mu fitar. Shugabanmu wani Alhaji ne babban ɗan kasuwar hatsi, mai kaifin kai da saurin yanke shawara, wanda in ya ga dama sau ɗaya ba ya jiran ta biyu. A zaurensa muke taro bayan la'asar. Mace ɗaya ce a cikinmu, wata Hajiya dattijuwa mai sana'ar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, wadda ta fi yawancinmu jari kuma ta fi mu duka rashin gaggawa. Tana zama a kujerarta daga bakin ƙofar cikin gida, ba ta cika magana ba, amma in ta yi tambaya sai an yi gumi kafin a amsa.

Wata rana Alhaji ya kawo mana baƙo. Ɗan garinmu ne da ya yi karatun kwamfuta a birni, kowa na kiransa Injiniya. Shi da abokansa sun buɗe ƙaramin kamfani, sun rubuta manhajar da ke gane mutum ta zanen yatsansa. Ya fito da wata 'yar na'ura da ba ta fi akwatin ashana ba, ya haɗa ta da waya. Ya ce in an ɗauki yatsan mutum sau ɗaya, duk ranar da ya dawo ya dangwala, wayar za ta fito da sunansa da hotonsa. Masu rabon taki, da iri, da kowane irin tallafi, za su riƙa biyan kamfanin wani ɗan abu a kan kowane mutum da aka tantance. Jari suke nema don su faɗaɗa, shi ne ya ce gara ya fara da gida.

Aka gwada a nan take. Na dangwala, fuskar wayar ta yi kore, ga sunana. Alhaji ya dangwala, kore. Muka yi ta dariya kamar yara sun samu abin wasa.

Alhaji ya gyara zama ya ce, "Ku dubi inda daɗin yake. Hatsi sai ka biya ɗan dako, ka biya sito, ka sayi maganin ƙwari, ɓera ya ci nashi. Wannan kau manhaja ce, sau ɗaya aka rubuta ta. Ko mutum ɗari suka dangwala ko dubu ɗari, ita ɗin dai ce. Abin da ake kashewa bai taka kara ya karya ba, saura duk riba ce."

Hajiya ta bari har aka gama murna, sannan ta ce, "Injiniya, ni ban yi boko ba, ka yi haƙuri da tambayata. Ni dai tun da nike sana'a ban taɓa ganin riba mai faɗi haka ba, sai in akwai wani da ke ɗauke da wahalar ba a gan shi ba. A taku sana'ar, wa ke ɗauke da ita?"

Injiniya ya ce babu kowa, na'ura ce ke aikin. Ba sai an ɗauki ma'aikaci a kowane gari ba, ba sai an kira mai unguwa ya shaidi kowa ba, a nan ne ma ribar take.

"To in ta ƙi gane mutum fa?" in ji Hajiya.

Ni na karɓe amsar, kuma har yau ina jin muryata a kunnena. Na ce, "Hajiya, in ta ƙi gane mutum, to ba shi ba ne. Ai abin da muke nema ke nan. Mutum na jin kunya, mutum na karɓar na goro, ita kuwa ba sani ba sabo."

Aka yi ta musu har aka kira magariba. Wasu na cewa a zuba rabin kuɗin hatsin bana, wasu na cewa ba za su sa dukiyarsu a hajar da ba a iya gani a sito ba. Daga ƙarshe ni na kawo mafita. Na ce a yi gwaji a ƙauye, a kan manoma na gaske, ni zan tsaya a kai, in rubuta rahoto in sa hannu, kowa ya yanke shawara da shi. Na zaɓi Dudunni saboda can ne garin mahaifiyata, can na tashi, kuma ƙungiyar manoman garin ba za ta ƙi maganata ba.

A nan ya kamata in gabatar da Kawu. Yayan mahaifiyata ne. Mahaifina ya rasu ina ƙarami, Kawu ya ɗauke ni ya haɗa da 'ya'yansa, bai taɓa bari na ji bambanci ba. Shi ya kai ni makaranta a lokacin da sa'o'ina ke bin awaki, kuma duk abin da makaranta ta nema daga gonarsa ya fito. Ko da na girma na yi iyali, kowa na ce min Malam, shi bai taɓa kirana da komai ba sai "ɗana". A Dudunni kuwa, in aka yi saɓani a kan iyakar gona, shi ake ɗaukowa ya nuna inda tsohuwar iyaka take, kuma in ya nuna magana ta ƙare. In baƙo ya zo neman aure, shi ake tambaya asalin gida. Bai iya rubuta sunansa da boko ba, amma bakinsa ya fi takarda ƙarfi a garin.

Mun ɗauki yatsun mutane da rani, lokacin da aikin gona ya kwanta, hannuwa sun huta. Ko a ranar sai da na'urar ta ɗan yi gardama a kan wasu tsofaffi, amma da aka maimaita ta karɓa, ba wanda ya kawo komai a ransa. Kawu ne ya fara miƙa hannu don sauran su saki jiki. Ya dubi hotonsa a waya ya yi murmushi ya ce, "Ɗana, ashe haka na tsuhwa ba ku hwaɗa mani ba." A gaban jama'a na yi jawabi na kafa doka: ranar rabo ba shaidar mai unguwa, ba alfarma, ba ɗan wane. Wanda ta yi wa kore ya ɗauka, wanda ta yi wa ja ya koma gefe. Aka tafa min, na ji kaina ya yi girma.

Abin da ni malamin gona ya kamata in fi kowa sani, shi ne na manta. Yatsan manomi da rani daban yake da yatsansa bayan noman farko.

Takin yuriya ne, wanda manoman suka yi karo-karo suka saya tare. Ya iso bayan an gama noman farko ana shirin maimai. An yi ruwa mai kyau kwana ɗaya kafin rabon, ƙasa ta jiƙu, kowa na ɗokin ya karɓa ya zuba tun da danshi. Aka ajiye tebur a inuwar aji, Injiniya na riƙe da waya, ni ina tsaye a kansa da rajista. Alhaji ya zo da motarsa don ya gani da idonsa, aka ba shi kujera kusa da mai unguwa.

Da farko abin ya tafi lafiya. Har ma na'urar ta kama wani da ya zo da sunan ɗan'uwansa da ke ci-rani, aka yi masa ihu ya fita da kunya. Alhaji ya ɗaga min babban yatsa daga inda yake. Sai kuma ja ta fara fitowa nan da can, kuma na lura duk a kan manyan mutane take fitowa, waɗanda na san su tun ina yawo ba wando. Ina cewa su koma gefe, suna komawa. Ban tsaya na yi tunani ba, don layi na da tsawo kuma idon Alhaji na kaina.

Sai ga Kawu. Ya sa farar rigarsa ta zuwa Juma'a, ya bar jakinsa a bakin fili. Ya yi wa kowa sallama, ya ɗora babban yatsa a kan gilashin na'urar. Ja. Injiniya ya ce ya goge yatsan ya sake. Ya goga a riga, ya sake. Ja. Wani ya ce ya shafa a goshi ya samu maiƙo, wani ya ruga ya kawo man kaɗe. Kawu ya shafa, ya hura wa yatsan iska, ya yi bismilla, ya ɗora a hankali kamar mai taɓa jariri. Wayar ta yi ƙara, ta yi ja, wani rubutu ya fito.

"Mi ta ce?" in ji Kawu.

Injiniya ya sunkuyar da kai. An tsara manhajar in ta ƙi mutum sau uku sai ta kulle sunansa, ta sa shi cikin waɗanda ake zargi da sojan gona. Ya ce a hankali, "Baba, ta ce ba ta gane mai yatsan ba. Ta rufe sunan."

Daga cikin layi wani ya yi subul da baka ya ce, "Ashe Baba ma aron suna ya yi." Da wasa ya faɗa, na sani, amma aka yi dariya, kuma dariyar ta yi yawa. Mai unguwa ya miƙe ya ce, "Malam, wanga kau ai ba ya son shaida. In ba mu san shi ba, wa muka sani? A ba shi kayanshi."

Kawu bai dubi mai unguwa ba, bai dubi wayar ba. Ni ya duba. Ba roƙo a idonsa, jira kawai yake in faɗi abin da kowa ya sani. Ni kuma na dubi Alhaji, na tuna jawabina, na tuna cewa in na yi wa kawuna alfarma a gaban waɗanda na tura gefe, gwajin ya rushe, rahoton ya rushe, jarin ya rushe. Duk wannan lissafin bai ɗauke ni daƙiƙa biyar ba. Na ce, "Kawu, doka ce. Ka ɗan koma gefe, in an gama sai a duba."

Ya gyaɗa kai ya ce, "To, ba laihi." Bai koma gefe ba. Ya goge man kaɗen a tafin hannunsa, ya ratsa mutane, ya kwance jakinsa ya ja shi ba kaya. Dariyar ta mutu. Na ci gaba da kiran sunaye, amma ban san abin da nake karantawa ba.

Da aka tashi, buhunan waɗanda aka ƙi suna jibge a aji. Injiniya ya ce buɗe sunayen sai an koma Kankia inda akwai sabis mai ƙarfi. A mota Alhaji sai fara'a yake, yana cewa yawancin mutane sun wuce lafiya, an kama ɓarawo ɗaya, me ake nema kuma.

Kwana uku na yi ina kewaye-kewaye, yau in ce aiki, gobe in ce babur ba lafiya. Gaskiyar ita ce kunya ce ta hana ni. A rana ta huɗu na sa aka raba wa sauran nasu, na ɗaure buhun Kawu a bayan babur na nufi gonarsa da hantsi. Danshi ya riga ya tafi, dawar ta fara yin ɗorawa-ɗorawa a ganye. Na same shi a duƙe yana maimai. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa kamar kullum, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya. Na fara zuba bayani: manhaja ce, kuskure ne, za a gyara, yatsa ne ya goge.

Ya ajiye fartanya ya buɗe hannuwansa biyu a gabana. Ban taɓa duban su da kyau ba sai ranar. Tafin duk kanta ne, gefen yatsun ya tsattsage, kan babban yatsan kuwa sumul yake kamar bayan cokali, ba zane ko ɗaya.

Ya ce, "Na san ya goge. Ba bana ya fara ba. Ƙotar hauya ta cinye shi, kaɗan-kaɗan, tun kana aji ɗaya." Ya sauke hannuwan, sannan ya ce, "Ni abin can bai ɓata mani rai ba. Ƙarhe ne, bai san ni ba, bai taɓa cin tuwon gidana ba. Kai kau ka san ni."

Na yi kuka a gonar nan, ni da furfurata ta fara fitowa. Na ce ya yafe min. Ya ce, "Na yahe, duniya da lahira. Tashi, Malam, rana na yi." Ya taya ni sauke buhun, muka jingine shi a gindin gawo. Sai da na hau babur na kama hanya sannan na gane abin da ya kira ni.

Bayan kwana biyu aka yi taro a zauren Alhaji. An riga an buga rahoto, an rubuta cewa gwaji ya yi nasara, sa hannuna kawai ake jira, don da shi sauran za su saki kuɗinsu, da shi kuma kamfanin zai je neman kwangila. Kafin a miƙo min biro, Hajiya ta ce a bari Injiniya ya yi bayanin waɗanda aka ƙi.

Na yaba wa mutumin nan, bai ɓoye komai ba. Ya ce da suke koya wa manhajar gane yatsu, da yatsun ɗalibai da ma'aikatan ofis suka koya mata, don su ne a kusa da su. Ba ta saba da hannun da ya shekara hamsin a kan fartanya ba. Ya ce hanya biyu ce. Ko a sassauta ta, ta riƙa karɓar yatsan da bai fito sosai ba, amma daga nan macuta ma za su wuce, amfaninta ya tafi. Ko kuma a sayi na'ura mai tsada, a ɗauki yatsu da yawa, sannan a kowane wurin rabo a ajiye mutum da masu shaida don wanda ta ƙi. Wannan zai yi aiki, amma ribar da aka yi mana kwatance za ta koma siririya, ba za ta fi ta hatsi da wani abin kirki ba.

Alhaji ya ce, "To ai ni ban ga matsala ba. Masu kwangila a kan wanda ya wuce suke biya. Wanda ta ƙi ya tafi ofis a gari a gyara mashi, ba da kuɗinmu ba. Su nawa ne ma? 'Yan tsiraru. Ba a fasa kasuwa don mutum ƙalilan. Mu jari muka zo sawa, ba sadaka ba."

Wasu suka goyi bayansa, kuma ba zan ce mugaye ne ba. Ɗaya ya ce ko asibiti ba kowa take warkarwa ba. Wani ya ce in muka tsaya gyara, wani kamfanin zai riga mu. Aka yi ta ɗaga murya.

Hajiya ta ce, "Rannan na yi tambaya aka ce ba mai ɗauke da wahalar. Yanzu na gan shi. Tsoho ne zai bar gonarshi da damina, ya biya kuɗin mota zuwa gari, ya yi layi, don ya tabbatar wa waya cewa shi ne shi. Wannan kuɗin motar da wannan yinin, su ne ribar da kuke ta faɗi." Ta juyo gare ni. "Malam, an ce har da kawunka."

Na ce, "Har da shi, Hajiya. Kuma ni na ce ya koma gefe." Na ba su labarin hannun da aka buɗe min a gona. Na ce waɗanda na'urar ke ƙi ba tsautsayi ne ke zaɓo su ba, su ne waɗanda suka fi kowa noma, wato su ne ainihin masu takin. Na ce ba zan sa hannu a takardar da ta kira wannan nasara ba, sai an rubuta abin da ya faru duka.

Alhaji ya fusata. Ya ce ni na kawo shawarar gwaji, ni na kafa dokar, yanzu don abin ya taɓa gidanmu na juya. Ya ce da kawun wani ne da tuni na sa hannu. Wannan maganar ta soke ni, domin gaskiya ce. Kafin Kawu mutum nawa na tura gefe ban ji komai ba? Na ce masa, "Alhaji, ka yi gaskiya, kuma wannan ne ya fi ba ni tsoro."

Ba a rabu da daɗi ba. Alhaji ya janye tare da mutum huɗu, ya kusa shekara ba ya amsa min fiye da sallama. Mu da muka rage, da Hajiya a gaba, muka sa ɗan abin da za mu iya, bisa sharaɗin cewa duk inda za a kai na'urar sai an zaunar da masu shaida biyu na garin, kuma a cire wannan kullewar da ke kiran mutum abin zargi. Injiniya ya yarda, ya ce shi ma tun ranar bai samu natsuwa ba. Kamfanin yana nan har yau, yana tafiya a hankali. Ribar da muke samu ba ta sa kowa ya canza mota ba, kuma wasu shekarun Alhaji ya fi mu samu a hatsinsa, yakan kuma tuna min.

Da damina ta zagayo aka koma rabo a Dudunni, mutanen gari suka ce ba wanda zai zauna a kujerar shaida sai Kawu. Na ɗauka zai ƙi. Ya zo da farar rigarsa ya zauna a tabarma kusa da tebur. Duk wanda wayar ta yi wa ja, sai Injiniya ya dube shi, shi kuma ya ce, "Shi ne, ɗan wane ne, gonarshi na gabas da rafi," a danna a ba shi. Amma shi bai ƙara ɗora yatsansa a kan gilashin ba, mai unguwa ne ke shaidarsa. Ni kuwa yana yi min komai kamar da. Yana aiko min da sabon wake, yana sa wa 'ya'yana albarka. Sai dai "Malam" ɗin nan bai sauka daga bakinsa ba. Na yi ta sauraro, duk zuwa ina cewa wataƙila yau, har shekara uku.

Ya rasu da kaka, bayan gajeriyar jinya. Ina cikin waɗanda suka yi masa wanka. Da na zo kan hannunsa na dama, na riƙe babban yatsan nan na daɗe ban saki ba, har limamin ya taɓa kafaɗata. Sumul yake kamar yadda na gan shi a gona. A cikinsa kuɗin makarantata yake, da takalmina na farko, da duk tuwon da na ci a gidansa. Na yarda ya yafe min, don Kawu bai taɓa faɗin abin da ba haka ba. Amma ya tafi ban sake jin ya ce min ɗana ba.

Ban zama maƙiyin na'ura ba, har gobe ina ganin amfaninta, kuma macutan da take kamawa sun cancanci kamu. Abin da na koya shi ne, duk lokacin da aka nuna min riba mai faɗi, sai na yi tambayar Hajiya, na nemi wanda aka tura gefe kafin lissafin ya yi kyau. Na kuma koyi cewa doka, ko ni na kafa ta, ba ta ɗauke min nauyin faɗin abin da na sani. Ranar nan ba a nemi in yi ƙarya ba, ba a nemi in yi sata ba. Kalma biyu kawai ake jira daga bakina, in ce "Shi ne." Mutumin da ya goge yatsunsa a kaina ya tsaya a gabana yana jira, ni kuma na tsaya duban fuskar waya.